Durƙuso a Gaban Kyamara

A shagon tufafin da na yi aiki a Zuru babu kujera ko ɗaya. Ba mantuwa aka yi ba. Akwai madubai masu tsayin mutum, akwai fitilu da ke ci da rana tsaka, akwai gumakan roba sanye da riguna a bayan gilashi, amma abin da mutum zai ɗosana a kai ya huta, babu. Shagon reshe ne na wani kamfani mai rassa a garuruwa da dama, kuma dokarsu ɗaya ce ko'ina: ma'aikaci ba ya zama a bakin aiki. Wai in mai saye ya leƙo ya ga mutum a zaune, sai ya ɗauka kayan ma sun gaji.

A saman ƙofa da kusurwoyin rufi akwai kyamarori, ƙanana baƙaƙe. Hotonmu yana tafiya kai tsaye zuwa babban ofis a Abuja, inda wata mata da ba mu taɓa gani ba take kallon rassan duka a allo ɗaya. Madam muke ce mata. In ta ga abin da bai yi mata ba, sai wayar da ke kan kanta ta yi ƙara. Wayar tana da wani irin kuka siriri mai shiga haƙori. Har yau in na ji mai irinsa a gidan mutane, sai in ga na miƙe tsaye ban san lokacin da na tashi ba.

Mijina soja ne. A lokacin yana can gabas, a dajin da ba a faɗin sunansa a waya, ni kuma ina gidan iyayensa da 'yarmu ƙarama. A Zuru wannan ba labari ba ne, da wuya ka shiga gida a layinmu ka rasa hoton mai kaki a bango. Amma kowace matar soja ta san tsawon wuni in babu abin yi sai sauraron waya. In ta yi ƙara gabanki ya faɗi, in ta yi shiru ya fi faɗuwa. Na share inda na riga na share, na wanke abin da ba shi da datti, har uwar mijina ta ce in ban yi hankali ba zan kankare mata fentin kwanoni. Da na ji shagon yana ɗaukar ma'aikata, ban yi barci da kyau ba sai da na kai kaina. Albashin yana da amfani, ba zan yi ƙarya ba. Amma abin da na fi nema shi ne inda zan kai zuciyata da safe in dawo da ita da yamma a gajiye, ta bar ni in yi barci.

Sai dai akwai Baba. Baba shi ne mahaifin mijina, tsohon saje, wanda ya ajiye kaki tun ban san zan auri ɗansa ba, amma har gonar dawarsa ta gindin dutse da takun fareti yake zuwa. Da aka gaya masa inda nake son yin aiki, tsaki ya yi.

"Shagon gilashin nan? Inda ake tsai da ɗiyan mutane kamar gumaka, masu wucewa na kallo?"

Uwar mijina ce ta yi ta binsa a hankali, yau da magana, gobe da miyar da yake so, har ya gaji. Wata yamma ya sa aka kira ni gindin mangwaron tsakar gida. Na durƙusa.

"Ki tahi," ya ce. "Amma ki ji ni da kyau, ɗiyata. Na ga yara sun shiga irin wuraren nan, sun hito suna gai da tsoho a tsaye, kamar shi ne ƙanensu. Ranar da na ga haka gare ki, ranar kin gama aiki. Ba ni maimaita oda."

Na ce to. A raina har dariya na yi, don ban ga abin da zai haɗa sayar da riga da gaisuwa ba.

Aikin kansa ba ɓoyayye ba ne. Mu buɗe da safe, mu goge gilashi, mu jera kaya, mu tsaya. In mai saye ya shigo mu yi murmushi, in ya watsa kaya ya fita bai sayi komai ba mu ƙara murmushi. Abinci a tsaye muke ci a sito, tsakanin kwalaye, ɗaya na ci ɗaya na tsaron shago. Makullin bayi yana aljihun manaja, saboda haka muka koyi rage shan ruwa. In an tashi, sai mai gadi ya buɗe jakunkunanmu ya leƙa, yana kau da kai don kunya, mu ma muna kau da namu. Watan farko ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya daina shiga. Uwar mijina takan dafa ruwa ta gasa mini su, ta murza da man kaɗanya tana faɗa ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji. Duk da haka ina son aikin. Ina son ƙamshin sabon yadi in an fasa kwali. Ina son in kalli mace tun daga ƙofa in san rigar da za ta zauna mata, in miƙa mata, ta fito daga ɗakin gwaji tana juyi. Kuma a cikin shagon nan sai in wuni ban tuna dajin gabas ba.

Mu biyu ne mata a wurin, ni da wata yarinya 'yar cikin gari, Musulma, mai bakin tsiya da zuciya mai kyau. Ita ta fara faɗawa ramin. Wata rana gwaggonta ta shigo neman kayan jikoki, yarinya ta zube ƙasa tana gaishe ta, yadda kowace 'yar gidan mutunci za ta yi. Ba su kai ga tambayar mutanen gida ba, waya ta ɗau kuka.

Manajanmu mutumin Birnin Kebbi ne, siriri, mai yawan share gumi ko da na'urar sanyi tana aiki. Ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma a wurin aiki wani lokaci da wuya ka bambance su. Ya ɗauki waya, muka ji yana ta "Madam, Madam", yana bayani, yana sunkuyawa kamar tana gabansa. Da ya ajiye sai ya kira mu.

"An ba ki gargaɗi," ya ce wa yarinyar. "Wai kin zamna."

"Na zauna? Ranka ya daɗe, a kan me? Gwaggota ce fa!"

"Na hwaɗa mata. Ta ce ita a allonta ba ta ganin gwaggo, kai take gani. In kai ya yi ƙasa da kanta, an zamna. Mi kuke so in yi? Ni ma ɗiya gare ni."

A nan ne dariyar da na yi wa maganar Baba ta koma ciki. Zuru ba Abuja ba ce. Duk wanda ya turo ƙofar gilashin nan, in ba kawunka ba ne to abokin kawunka ne, in ba ta yi goyonka ba to ta zo sunanka. A garin nan ka gai da babba a tsaye, kafin ka isa gida labari ya riga ka. Kuma dokar kamfanin a fili take: gargaɗi na fari, gargaɗi na ƙarshe, sai sallama.

Abokiyar aikina ce ta samo mana mafita. Kusa da ƙofa akwai wata kanta ta ƙasa, dab da daɓe, inda ake ajiye singiletin yara a ninke. Gyaran kaya aiki ne, ba wanda zai ce ba aiki ba ne, kuma ba a gyara kantar ƙasa a tsaye. Saboda haka in ɗayarmu ta hango babba yana tsallako titi, sai ta ce, "Ƙasa ta hargitse." Mai baƙon sai ta yi wuf ta isa wurin, ta durƙusa, ta ɗauki singileti ɗaya tana warwarewa tana ninkewa, baki yana ina wuni, ina gajiya, yaya mutanen gida. Madam tana ganin ma'aikaciya mai ƙwazo. Tsoho yana ganin yarinya mai ladabi, ga ta da son aiki har ba ta iya sakin kaya. Singiletin nan sun sha ninki har sun yi laushi kamar an taɓa sa su. Manaja ya gane, amma duk lokacin sai ya sami abin dubawa a cikin aljihun tebur.

Mun daɗe muna cin moriyar wannan dabara. Amma ni sai da na tara nawa gargaɗin ta wata hanya. Na farko, ranar da ƙafafuna suka ƙi ni gaba ɗaya, na shiga ɗakin gwaji na ja labule na zauna a ƙasa, wai in ɗan numfasa. Na manta labulen bai kai ƙasa ba. Na biyu kuwa, wata tsohuwa ce ƙawar marigayiya mahaifiyata, wadda rabona da ita tun ina budurwa. Ban ga shigowarta ba, ina tsakiyar shago na juyo sai ga ta a gabana tana kiran sunan da uwata kaɗai ke kirana da shi. Gwiwa ba ta san doka ba. Kafin in tuna da kyamara na riga na kai ƙasa, hannuna babu ko ƙyalle.

"Na ƙarshe ke nan," manaja ya ce bayan ya ajiye waya, bai yarda mun haɗa ido ba. "Don Allah ki rufa muna asiri."

Daga ranar na daina jin daɗin numfashi a shagon. In abu ya faɗi ƙasa, sai na ɗaga shi sama na nuna wa kyamara kafin in miƙe, kamar mai rantsuwa. In wayar ta yi ƙara, ko da kan sabbin kaya ake kira, sai in ɗauka ni ake nema.

Ana cikin haka kamfani ya aiko kafintoci. Wai an canza tsari a duk rassa, ba a son kaya a ninke, komai a rataye zai kasance daidai idon mai saye. Muna tsaye muna kallo suka ɓalle kantar ƙasa suka fita da ita, suka bar alamar inda take a jikin bango. Abokiyar aikina ta dafa ni ta ce, "Mutane na cewa tsugune ba ta ƙare ba. To mu kam tamu ta ƙare." Na so in yi dariya, ba ta fito ba.

Sai muka koma musanya. Danginta ba su san ni sosai ba, nawa ma ba su san ta ba, kuma baƙuwar fuska in ta gaishe ka a tsaye cikin fara'a ba ka cika riƙe ta a rai ba. In nata suka taho, sai ta shige sito ni in tarbe su. In nawa ne, ni in ɓace. Na sha laɓewa a bayan kwalaye ina jin muryar matar kawuna tana tambaya ina nake, ana ce mata an aike ni. Abin yana ci mini rai. Mace da aurenta da 'yarta, tana ɓuya wa danginta kamar wadda ta yi sata.

Za a ce me ya hana ni gaya wa Baba gaskiya tun farko. Na auna wannan ba sau ɗaya ba. In na ce masa, "Baba, a wurin aikinmu an hana durƙusa wa manya," to na gama yi wa kaina sallama da bakina, don ba zai tsaya jin zancen allo da kai da kanta ba. Abin da na dogara da shi kawai shi ne ya taɓa rantsewa ƙafarsa ba za ta taka shagon gumaka ba, kuma Baba ba ya cika warware magana.

To sai ya fara tambayoyi. Da yamma in na kai masa abinci, sai ya ce, "Ƙarhe nawa kuke buɗewa?" Wata rana, "Kuna da na maza?" Wata rana kuma, "An ce sanyi gare shi ciki kamar asibitin bariki." Na ce masa kayan tsada ne da su, na ce yawanci na yara ne da 'yan mata, na ce wurin ba ya da daɗin shiga ga babba. Ya dai gyaɗa kai. Na koma ina aiki ido ɗaya a kan masu saye, ɗaya a kan titi, ina neman tsohon babur ɗinsa mai jan tanki a cikin 'yan kabu-kabu. Na sha ganinsa inda babu shi.

Ranar da ya zo, ranar kasuwa ce, gari cike da mutanen ƙauye. Abokiyar aikina ta shiga sito sallar azahar, kuma doka ta hana a bar shago babu mai tsaro. Ina rataye wata doguwar riga, na gama ke nan hannuna ya zama wayam, sai na ji an turo ƙofa da ƙarfin wanda bai saba da ƙofar gilashi ba.

Baba ne, cikin kayan da yake zuwa coci da su, takalmi ya sha gogewa. Bayansa wani tsoho ne dogo mai sanda, amininsa daga Mahuta da suka yi soja tare, wanda na taɓa gani sau ɗaya ranar aurena. Suka tsaya daga bakin ƙofa suna ƙifta ido saboda fitilu.

Na dubi manaja. Ya san Baba. Ya ɗaga ido ya kalli kyamarar da ke saman ƙofa, ya dawo da shi kaina, ya girgiza kai a hankali. Na dubi ƙofar sito, ta yi nisa, kuma Baba ya riga ya gan ni. Na yi tunanin in fizgo riga daga hanga in yar, in bi ta ƙasa. Amma rigar da ta fi kusa tana bayana, sai na juya wa surukina baya kafin in kai gare ta, kuma ɗaukar riga ɗaya ba ta kai tsawon gaisuwar tsofaffi biyu ba. In na tsaya Baba ya kore ni, in na durƙusa Madam ta kore ni. Gaba kura, baya sayaki.

"Ga ta nan," Baba ya ce wa abokinsa, yana nuna ni da hannu duka. "Ga ɗiyar tawa."

Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Da ya shigo da fuskar bincike, yana neman laifi, wataƙila da taurin kaina ya tashi na tsaya ƙyam. Amma alfahari ne a fuskarsa, irin na mutumin da ya kawo aboki ya ga gonarsa ta yi kyau. Na taka zuwa gabansu, a tsakiyar shago inda babu abin da zai kare ni daga kowace kyamara, na kai gwiwoyina biyu ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba. Ina wuni."

"Lahiya lau, ɗiyata. Ina aiki?"

"Da godiya."

Na juya na gai da abokinsa. Tsohon irin mutanen nan ne da ba sa gaisuwar gaggawa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi yarinya, ya tambayi labarin maigida, ya ce Allah ya kare su a can, na ce amin. Ya juya harshe zuwa C'lela, yarenmu na Zuru, ya sake ɗauko gaisuwar daga farko, wai ya ji ko aikin birni bai cinye mini yare ba. Na amsa masa tsaf. Ya yi dariya ya buga sandarsa a daɓe.

A nan waya ta fara kuka.

Manaja bai ɗauka ba. Wannan alherin ba zan manta masa da shi ba, ko da yake bai hana komai ba. Ya tsaya hannunsa a kan wayar yana kallon bango, tana ta yi. Ni kuma ina ƙasa, daɓen yana da sanyi, kuma ba a ce in tashi ba. Baba bai lura ba, ya shiga ba abokinsa labari. Wai da farko shi ya hana, don ya san abin da irin wuraren nan ke mai da yara. Wai amma ga shi wata da watanni, ko sau ɗaya ban makara da abincinsa ba, ko sau ɗaya ba a kawo masa ƙarata ba. Wai har matan coci suna cewa in kana son rigar da za ta zauna maka, ka je wurin surukar saje.

Wayar ta yanke, ta sake ɗaukar kuka.

"Samari, wayarka na kuka," Baba ya ce wa manaja. "Ko ba ka ji?"

"Na ji, Baba."

"To ɗauka mana. Ba a barin na sama yana jira." Sannan ya dube ni kamar yanzu ya tuna. "Af, tashi, ɗiyata, tashi. Nuna muna kayan."

Na tashi. Na zagaya da su shagon duka. Ina jin manaja a bayana yana magana ƙasa-ƙasa, hannu a kan baki. Abokiyar aikina ta fito daga sito, ta dubi tsofaffin, ta dubi ƙurar da ke gwiwoyin siket ɗina, ta dafe ƙirji. Baba ya taɓa hannun wani gunki ya ce ashe roba ce. Ya zaɓi wata 'yar riga mai ruwan ɗorawa wa jikarsa, ya taya, na ce ba a ragi a nan, ya ce wace irin kasuwa ce wannan da ba a cewa albarka, abokinsa ya yi ta dariya. Ni na naɗe masa rigar, na sa a leda, na raka su har bakin ƙofa. Na tsaya ina kallo ya tada babur da ƙyar, tsohon ya hau baya da sandarsa a kwance kan cinya, suka shige cikin 'yan kasuwa.

Da na juyo, manaja yana miƙo mini waya. "Tana son magana da ke."

Wannan ne karo na farko da na ji muryar Madam a kunnena. Na zaci zan ji tsawa. Muryar mace ce mai gajiya, da Hausarta ta 'yan Kano, kamar wadda ba ta ci abincin rana ba.

"Kin san kina kan na ƙarshe," ta ce.

"Madam, ba zama na yi ba. Surukina ne. Mahaifin mijina."

"Na gane. Kina tsammani ban san durƙuso ba? Ni ma ina da surukai." Sai ta ci gaba: "Amma hoton nan ba ni kaɗai ke gani ba, ajiye shi ake yi, akwai masu dubawa a samana. Kin daɗe a ƙasa, ga waya ana kira ba a ɗauka ba. In na bar naki, me zan ce a kan na sauran rassa?"

Ina da baki, duk wanda ya san ni ya san haka. Na shirya maganganu da yawa a raina tun ranar da aka fita da kantar ƙasa. Amma da ta ce aikina ya ƙare, sai kawai na miƙa wa manaja wayar. Haushi ma ban samu na ji ba, tsoro ne kawai ya sauka a kaina, tsoron gobe da safe, da tsakar gida, da wayata a kan taga ina jiran labarin mijina.

Na shiga sito na tuɓe rigar kamfani na ninke ta. Abokiyar aikina ta biyo ni tana kuka tana zagin Abuja da duk wanda ke cikinta, har sai da na ce ta koma kada a ga shago babu kowa. Mai gadi ya ƙi buɗe jakata, na buɗe masa da kaina. Ban hau kabu-kabu ba. Na taka a ƙasa, na bi ta bayan kasuwa, na tsaya kallon masu auna dawa kamar ban taɓa gani ba, don kada in isa gida kafin lokacin da na saba.

Na tarar 'yata tana sanye da rigar mai ruwan ɗorawa, ta yi mata yawa, tana zagaya tsakar gida tana nuna wa kaji. Uwar mijina ta dube ni sau ɗaya ta san akwai magana, amma ba ta tambaya ba, ta miƙo mini kwanon tuwon Baba.

Yana gindin mangwaro, ya tuɓe takalmi, rediyo a gefensa. Na durƙusa na ajiye kwano da ruwan wanke hannu. Na buɗe baki ke nan, ya riga ni.

"Yau kin hid da ni kunya," ya ce. "Mutumin nan tun daga shago har tasha zancenki yake. Ya ce a tsakiyar gilashi, gaban manaja, gwiwa biyu. Ya ce ɗiyansa na cikinsa ba su yi mashi haka." Ya wanke hannu, ya yarfe ruwan. "Ni na yi kuskure a kan aikin nan, na yarda. Ki riƙe shi da kyau. Na gaya wa mutanenmu tsohin soja, in an biya fansho duk za mu zo, kowa ya sai wa jikokinsa a hannunki."

Ya gutsuri tuwo, ya ga har yanzu ina nan.

"Tashi ki je ki huta, ɗiyata. Gobe sammako gare ki."

Na ce, "To, Baba."